Yealink T31G a ofisoshin Jidda da Makka: tarho nagari, in an ba shi wuta mai kyau

A ƙananan ofisoshin umara da na kago da Hausawa ke riƙe da su a Jidda da Makka, ramin intanet ɗaya ne a kowane tebur, ga kwamfuta ga tarho. Nan T31G yake da amfani. Ramuka biyu gare shi a baya: wanda aka rubuta wa Internet yana karɓar kebul daga bango, wanda aka rubuta wa PC yana miƙa wa kwamfuta. Dukansu gigabit ne, wato gudunsu yana kai megabit 1000. Ƙaninsa T31P megabit 100 kawai yake kaiwa, kuma kwamfutar da ke bayansa ba za ta wuce nan ba, don haka gara a ƙara 'yan riyal a ɗauki mai G. Muryarsa tana fita tas, layi biyu yake ɗauka, allonsa ƙarami amma ana karantawa.

Koken da ya fi yawa shi ne ana tsaka da magana da alhaji sai allo ya ɗauke, tarho ya sake tashi. Mafi yawan lokuta laifin ba na tarhon ba ne. Gwaji ɗaya ke raba gardama: a jona masa adaftarsa mai bolt 5, a bar shi ya wuni. In ya daina, matsalar wutar PoE ce, wato wutar da swic, na'urar da ke raba intanet ga ramukan ofis, ke turowa ta cikin kebul.

Ƙa'idar PoE mai suna 802.3af tana ba kowane rami har wat 15.4, amma swic mai araha yana da jimillar da duk ramukan ke rabawa. Tarhon ba ya cin wuta sosai. Kyamarorin tsaro ne ke ci, musamman bayan magariba idan fitilunsu na ganin duhu suka kunna. Jimilla ta cika, swic ya yanke wa wani rami wuta, kuma a swic da yawa mai lamba mafi girma ake fara yankewa. Duk tarhon da ke mutuwa da dare kawai, a duba nan tukuna: a mayar da shi rami na 1 ko na 2, ko a ware wa kyamarori nasu swic. Haka kuma swic da aka rufe a akwati, an kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a zafin Yuli, yakan yi zafi ya sake tashi da duk abin da ke kansa.

Sai kebul. Mai arahar nan da aka rubuta wa CCA alminiyum ne aka shafe da jan ƙarfe, wuta na raguwa a cikinsa. A kankare zare ɗaya da wuƙa. In ya yi fari, a cire. A sayi Cat6 jan ƙarfe zalla, kada tsawonsa ya wuce mita 100, a kuma sake matse kan da ya saki.

In da adafta ma yana tashi, a koma kan hanyar sadarwar. A tabbatar ba a jona ramin PC zuwa bango ba alhali na Internet ma yana jone, domin hakan yana sa saƙonni su yi ta zagaye har su shaƙe ofis gaba ɗaya. A danna OK a ga lambar IP, wato adireshin tarhon a kan hanyar sadarwar. In yau tana farawa da 192.168.1, gobe da wata daban, rauta biyu ne ke rabon lambobi: na kamfanin intanet da wanda aka ƙara don Wi-Fi. A kashe DHCP, wato saitin rabon lambobin, a ɗaya. Sannan a buga lambar a burauza, a shiga shafin tarhon, a duba Auto Provision: in an sa shi yana ɗauko saiti akai-akai, duk sanda saitin ya canja zai iya sake tashi. Inda babu VLAN na murya a ofis, wato sashen hanyar sadarwa da aka ware wa tarho, a kashe LLDP, saitin da tarhon ke neman wannan sashen da shi, a gani.

Aibinsa ɗaya: ba ya faɗa a allo dalilin tashinsa, sai an sauke bayanan aikinsa daga shafin Configuration. Kuma a tambayi mai shago ko akwai adafta a kwalin, domin sau da yawa daban ake sayar da ita, ga shi gwajin farko ba ya yiwuwa sai da ita.