Hannun PS4 a kan kwamfuta, waya da PS5: inda yake shiga da inda ba ya shiga

Duk wanda ya tambaye ni wane hannun gem zai saya, in dai yana da PS4 kuma yana son ya riƙa buga ƙwallo a laftof ko a waya, amsata ɗaya ce: DualShock 4, wato hannun PS4, na asali, fitowa ta biyu. Ina da ƙaramin gidan gem a Kano. PS4 ne suka fi yawa a ciki, sai PS5, sai laftof ɗin da na ajiye tsofaffin wasannin ƙwallo na PES a kai. Hannun nan ya bi ta kan dukkansu, ya bi ta wayoyin samarin da ke zuwa, don haka na san inda yake shiga salin-alin, da inda sai an lallaɓa shi, da inda ba ya shiga sam.

Kamfanin Sony ya fitar da shi tare da PS4 a watan Nuwamba na 2013, a kan dala 60 a Amurka. A 2016, lokacin da siririn PS4 ya fito, aka yi masa kwaskwarima. Gane na biyun ba wuya. Ka juya bayansa, lambar da ke kan takardar za ta fara da CUH-ZCT2, na farkon kuwa CUH-ZCT1 ne. In yana kunne kuma za ka ga wani siririn layin haske a saman faifan taɓawa, ta gaba. Bambancin da ya fi damuna ba na ado ba ne: na farkon, ko ka jona shi da kebul a PS4, caji kawai yake sha, saƙon dannawa ta Bluetooth yake tafiya. Na biyun yana iya aika saƙon ta cikin kebul ɗin kansa. A shago irin nawa, inda hannuwa da yawa ke aiki a ɗaki ɗaya, ga wayoyin mutane, ga Wi-Fi, duk suna cunkushe a zango ɗaya na 2.4GHz, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da muke gasa sai in shiga Settings, Devices, Controllers, in mayar da hanyar sadarwa ta koma ta USB, ba wanda zai ce hannu ne ya yi masa jinkiri.

Haɗa shi da PS4 ba ya buƙatar dogon bayani. Ka sa kebul, ka danna maɓallin PS na tsakiya, ka cire kebul, shi ke nan. Na'ura ɗaya tana ɗaukar hannu huɗu, kowanne da launin fitilarsa: na farko shuɗi, na biyu ja, na uku kore, na huɗu ruwan hoda. Amma a nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa hannunsu ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. Bakinsa micro-USB ne, irin na tsofaffin wayoyin Android, kuma yawancin kebul masu araha da ke yawo a kasuwa wuta kaɗai suke ɗauka, babu wayoyin saƙo a cikinsu. Za ka ga fitila tana numfashi da ruwan lemo, alamar caji na shiga, amma ka danna PS har yatsa ya gaji ba abin da zai faru. Wani makwabcina ya kawo mini hannu yana neman in saya a matsayin lalatacce, don in ciri kayan gyara. Na ce masa, "Malam, bari mu gwada da kebul ɗina tukuna." Nan take ya kama. In ka samu kebul mai ɗaukar saƙo, ka ɗaura masa alama ka ajiye shi daban.

Abu na biyu da ya kamata a sani tun wuri: wannan hannun, na'ura ɗaya kawai yake riƙewa a ƙwaƙwalwarsa. Da zarar ka haɗa shi da waya ta Bluetooth, ya manta da PS4, sai ka sake jona kebul kafin ya dawo. Wannan ya sa na ware hannuwa biyu don masu son gwadawa a waya, sauran ba a taɓa su. In kuma ya ƙi kowa, akwai ɗan rami a bayansa kusa da maɓallin L2. Ka sa tsinke ko allura ka danna na 'yan daƙiƙu, sannan ka sake haɗawa da kebul.

Kwamfuta ce wurin da maganar take da tsawo. Haɗawar kanta mai sauƙi ce. Ka danne Share da PS tare har fitila ta fara ƙiftawa sau biyu-biyu, ka buɗe Bluetooth a Windows, za ka ga suna Wireless Controller, ka zaɓa. Kwamfutar tebur da ba ta da Bluetooth sai an saya mata ɗan ƙaramin abin da ake sokawa a USB, ko a yi amfani da kebul. Sai dai Windows ta ga hannu daban, gem ya gan shi daban. Tun zamanin Xbox 360, wato 2005, Microsoft ta kawo tsarin da ake kira XInput, kuma yawancin wasannin kwamfuta da shi suke aiki. Hannun Sony bai san wannan tsari ba, ta tsohuwar hanyar DirectInput ake ganinsa. Shi ya sa za ka haɗa lafiya, ka buɗe gem, ka tarar ko dai ba ya motsi, ko maɓallan sun hargitse, ka danna fasin, sai ɗan wasa ya buga shot.

Maganin shi ne a sa tafinta a tsakani, kuma tafintoci biyu na sani da kyau. Na farko Steam, manhajar saye da buga gem a kwamfuta. Tun ƙarshen 2016 suka sa goyon bayan hannun PS4, abin da ake buƙata kawai ka shiga saitin Controller ka kunna na PlayStation. Ko gem ɗin ba a Steam ka saya ba, kana iya ƙara shi cikin jerin wasanninka ka buɗe shi daga can. Ga wanda ba ya son wahala, wannan na fi ba shi shawara. Na biyu DS4Windows, manhaja ce ta kyauta wadda ke sa kwamfuta ta ɗauka hannun Xbox 360 aka jona. Ta fi ba da iko: ka canza launin fitila, ka ga sauran batir, ka mayar da faifan taɓawa ya zama linzamin kwamfuta, abin da nake jin daɗinsa in na jona laftof da talabijin ina zaune nesa. Amma tana buƙatar a girka wasu abubuwa tare da ita, musamman ViGEmBus da .NET, kuma ka kula daga inda kake sauke ta, don akwai shafukan bogi masu ɗauke da sunanta.

Akwai matsala guda da ke rikita masu buga ƙwallo, wadda ba kowa ke gane tushenta ba. In DS4Windows na aiki, wani lokaci gem yakan ga hannu biyu: na gaskiyar da kuma na Xbox ɗin da manhajar ta ƙirƙira. Sai ka danna ƙasa sau ɗaya, zaɓi ya tsallake layi biyu, ko a wajen zaɓen ɓangare ka ga hannuwa biyu suna tafiya tare. Wata ƙaramar manhaja mai suna HidHide ce ke ɓoye na gaskiyar. Kuma kada ka bar Steam da DS4Windows suna fassara a lokaci guda, ka zaɓi ɗaya. Masu tsohon PES, irin na 2017 ko 2021, suna da wata hanya: a cikin jakar gem ɗin akwai fayil ɗin saiti, a ciki za ka iya zaɓar DirectInput ka jera maɓallan da kanka, ba sai da wata manhaja ba.

Ka kuma shirya wa ganin alamomin Xbox a allo. A na nufin X ɗin PlayStation, B da'ira, Y mai kusurwa uku, X ɗin Xbox kuma mai kusurwa huɗu ne. Wannan na ƙarshen shi ke kayar da sabon shiga. Ramin abin sauraro na ƙasan hannun yana aiki a kwamfuta in ka jona fitowa ta biyu da kebul, amma ta Bluetooth na yau da kullum ba ya fitar da sauti.

A waya abin ya zo da sauƙi tun 2019, da Android 10 da iOS 13. Share da PS, ka zaɓa a Bluetooth, an gama. Abin lura shi ne gem ɗin kansa. Call of Duty Mobile yana karɓar hannu a cikin fafatawa, PUBG Mobile kuwa ba ya karɓa a hukumance. Kafin ka kashe kuɗi saboda waya kaɗai, ka tabbatar wasan da kake so yana cikin masu karɓa.

PS5 ne inda masu gidan gem ya kamata su buɗe ido. DualShock 4 yana haɗuwa da shi, amma wasannin PS4 kaɗai yake bugawa a kai. Ka buɗe gem na PS5, sai saƙo ya fito cewa ba za a iya amfani da wannan hannun ba. Ke nan in kana son mutum huɗu su buga EA Sports FC, wanda ya gaji FIFA tun 2023, ko dai ka sayi DualSense huɗu, wato hannun PS5, ko ka sa nau'in PS4 na wasan ka yi amfani da tsofaffin hannuwanka. A ganina wannan ƙa'ida ta yi tsauri, domin wasan ƙwallo ba ya buƙatar wani abin da tsohon hannun ba shi da shi. Haka kuma DualSense, wanda ya fito a 2020, ba ya aiki a PS4 kai tsaye. A PS3 hannun PS4 yana bugawa, sai dai babu girgiza kuma maɓallin PS ba ya amsawa. Xbox da Nintendo Switch ba sa karɓarsa sai da na'urar tsakani. Ta kamfanin 8BitDo tana haɗa shi da Switch da Windows, amma hannu ɗaya take ɗauka, kuma ba ta aiki a Xbox.

Riƙonsa yana da daɗi, nauyinsa kusan giram 210, ba ya gajiyar da yatsu. Rauninsa batir ne. Ƙarfinsa 1000mAh, kuma fitilar nan tana ci, don haka da wuya ya kai ka daga safe zuwa dare. Rage hasken fitilar a saiti yana taimakawa, kuma in ka gama a kwamfuta ka danne PS na daƙiƙa 10 ya mutu, kada ka bar shi yana zuƙe caji, musamman a unguwar da wuta ba ta zama. Analog ɗinsa kuma, wato 'yan sandunan nan biyu da ake juyawa da babban yatsa, kamar na yawancin hannuwa, yana aiki ne da sassan da ke gogar juna a ciki, suna cinyewa, ƙura na ƙara musu. Da hunturu ina rufe nawa cikin akwati kowane dare. Masu gyaran waya da suka iya aiki da dalma suna canza analog da bakin caji, kuma gyaran ya fi sayen sabo sauƙi nesa ba kusa ba.

Babban haɗarin yanzu jabu ne, sun cika kasuwa, kwalinsu har ya fi na asali ƙyalli. Araha ba ta ado. Waɗanda suka biyo ta hannuna ba su da nauyi, analog ɗinsu ba ya jin ƙaramin motsi, sai ka tura sosai ɗan wasa ya zabura, wasu kuma suna kamawa a PS4 amma su ƙi Bluetooth ɗin laftof. Tsohon na asali da aka yi amfani da shi ya fi mini sabon jabu.

Wanda ba shi da PlayStation ko ɗaya, Windows kawai yake da ita, ba zan ce ya sayi wannan ba. Hannun Xbox ya fi dacewa da shi, yana sokawa gem zai gane shi, ba tafinta ba komai. Ya dai tabbatar na 2016 zuwa sama ne, don waɗanda suka gabace shi ba su da Bluetooth. Shi kuwa mai sayen DualShock 4, ya tafi kasuwa da wayarsa da kebul mai kyau. Ya haɗa shi a gaban mai shago, ya juya analog biyun a hankali, ya ja L2 da R2 rabi-rabi ya ga ko suna jin bambanci, ya shafa faifan taɓawa, ya soka abin sauraro. In mai shago ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ya nemi sharaɗin canji a rubuce a kan rasit, in an ƙi ya wuce shago na gaba.