Kakin Imperial ya raba ni da maƙalewar kwanso

Kwanson harsashi samfurin .308 Winchester nake matse wa wuya a inji ya koma samfurin 7mm-08 don bindigar farautata. Da wani man feshi nake sa wa kwanson santsi kafin matsi, har ranar da kwanso ya maƙale cikin ƙarfen matsi, wato ƙarfen injin da kwanso ke shiga don a sake masa siffa, gindinsa ya yage, sai da na huda shi kafin ya fito. Tunda na koma kakin Imperial na kamfanin Redding ban sake ganin haka ba. Ɗan dangwalowa da yatsa, in murza a jikin tagullar, hannun injin ya sauka sumul. Kafaɗar kwanson, wato gangaren da ke ƙasan wuyansa, dai ba na shafa mata, don in kaki ya taru can sai ta lotsa. Ɗaya bayan ɗaya ake shafawa, akwai cin lokaci, amma kwanso hamsin ba su gagare ni a zama ɗaya ba.