Hidimar CAS da Lissafin Makin Ɗalibin da Ya Sauya Jami'a a Amurka

A Amurka galibi ba a shiga karatun lauya sai da digiri na farko, kuma galibin makarantun suna karɓar takardun masu nema ne ta hannun hukumar LSAC, mai shirya LSAT, jarrabawar shiga makarantar lauya, ƙarƙashin CAS, hidimarta ta tattara takardu. Kuɗin rajista ya kai kimanin dala 200, ban da abin da ake biya a kan kowace makarantar da za a aika wa rahoto.

Wajen sauƙaƙa aiki, hidimar ta cancanci yabo, domin sau ɗaya ake tura takardun sakamako da wasiƙun shaidar malamai, ita kuma ta rarraba su. Inda take ba ɗaliban da suka sauya makaranta mamaki shi ne lissafin maki. Yawancin jami'o'i, idan suka karɓi ɗalibi daga wata kwaleji, sukan amince da kwasa-kwasan da ya ci, amma ba sa sanya makinsu cikin matsakaicin da suke rubuta masa. LSAC kuwa tana neman sakamako daga kowace makarantar da mutum ya taɓa zama, har da kwalejin shekara biyu da kwasa-kwasan jami'a da ya ɗauka tun yana sakandare, sannan ta haɗa su duka. A ma'aunin da A ke da maki 4, wanda ya yi rabin karatunsa da matsakaicin 2.8, ya ƙarasa sauran rabin da 3.8, zai ga 3.8 a takardar jami'arsa, amma 3.3 zai bayyana a rahoton CAS, kuma wannan adadi ne makarantun lauya suka fi dubawa, tunda da shi ake auna su a jadawalin martaba.

A ganina wannan haɗawar adalci ce, don bai kamata sauya makaranta ya shafe tarihin wani ba alhali wanda ya zauna wuri ɗaya yana ɗauke da nasa. Rahoton ma yana nuna makin shekara-shekara, saboda haka mai tantancewa zai ga wanda ya gyara. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne yadda LSAC ke bai wa A+ maki 4.33, ga shi jami'o'i da dama ba sa bayar da shi sam. Haka kuma kwas ɗin da aka faɗi aka maimaita, muddin tsohon makin yana kan takarda, duka biyun ake ƙirgawa ko da jami'ar ta yafe. Da zarar an karɓi digiri na farko lissafin ya rufe, digiri na biyu ba ya ɗaga shi.

Wanda ya yi digirinsa a wajen Amurka da Kanada, kamar a Najeriya ko Nijar, ba a fitar masa da adadin matsakaicin maki. Ana sanya sakamakonsa ne a ɗaya daga matakai huɗu, abin da ke ƙara wa makin LSAT nauyi a kansa.