FreeCAD wajen gwada ƙarfin ƙarfe: inda ya biya da inda ya gaza

Kuɗin lasisin manhajojin injiniya irin su ANSYS ko SolidWorks ya fi ƙarfin ɗalibin injiniya da mai ƙaramin wurin ƙira, shi ya sa ido ke komawa kan FreeCAD. Manhajar zanen injiniya ce ta kyauta, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar intanet. An fara ta tun 2002, amma sai a Nuwamban 2024 sigar 1.0 ta fito. Hukuncinmu shi ne: ta isa a gwada ƙarfe guda ɗaya da aka ɗora wa nauyi mara motsi, muddin mai aikin ya iya lissafin hannu.

Sashen FEM, wato ɓangaren FreeCAD da ake gwada ƙarfin ƙarfe a cikinsa, ba shi ke yin lissafin da kansa ba. Gmsh ko Netgen ke yanka siffar zuwa ƙananan gutsattsari, wato raga, sannan CalculiX ya warware lissafin. CalculiX ba abin rainawa ba ne, Guido Dhondt da Klaus Wittig, injiniyoyin kamfanin injin jirgin sama na MTU a Jamus, su suka rubuta shi.

Gwajin da ke tona asirin kowace manhaja irin wannan shi ne sanda mai kai ɗaya a kafe. A zana sandar ƙarfe mai faɗin milimita 20 da kauri 20, tsawo 500. A zaɓi CalculiX-Steel a jerin nau'o'in ƙarfe na manhajar, wanda taurinsa megafaskal (ma'aunin matsi) 210,000 ne, a kafe fuska ɗaya, a ɗora ƙarfin niyuton 200 a ɗaya kan. Lissafin takarda ya ce kan sandar zai sunkuya kusan milimita 3, matsin da ke gindinta kuma megafaskal 75. Da raga mai girman milimita 5, amsar FreeCAD kan zo daf da haka. A kula da inda ƙarfin ya dosa: manhajar na ɗora shi a miƙe da fuskar da aka zaɓa, don haka sai an nuna mata wani gefe a tsaye, in ba haka ba jan sandar za ta yi maimakon lanƙwasa ta.

Raga ita ce uwar matsaloli. Gutsattsari masu ɗigo 4, wato wuraren da ake yin lissafi a kansu, sun cika tauri, suna nuna sunkuyawar da ba ta kai ta gaskiya ba, mutum ya ɗauka ƙarfensa ya fi yadda yake ƙarfi. A yi amfani da masu ɗigo 10. Su ma suna da nasu halin: a wuri siriri mai lanƙwasa sukan murɗe, CalculiX ya tsaya da saƙon “nonpositive jacobian”. Maganinsa rage girman raga a wurin, ko kunna Second Order Linear a saitin Gmsh.

Sai jan launin da ke nuna wurin da matsi ya fi yawa a allo, wanda ke tsorata sabon shiga. A kusurwa mai kaifi ko bakin fuskar da aka kafe, matsin von Mises, wato adadin da ake kwatantawa da iyakar ƙarfin ƙarfe, na ta hawa duk lokacin da aka ƙara matse raga, ba ya tsayawa. Wannan adadi ba na ƙarfen ba ne, na lissafin ne. A zagaye kusurwar kamar yadda take a zahiri, ko a karanta matsin ɗan nesa da wurin, kafin a auna shi da megafaskal 235 da ƙarfe samfurin S235 ke fara sakewa a kai.

Inda FreeCAD ke gajiyar da mutum shi ne haɗa sassa. Ƙarafa biyu da suka taɓa juna a allo ba su haɗu a raga ba, sai an bi da su ta umarnin Boolean Fragments a yanayin CompSolid. In an manta, ɗayan ya zama ba abin da ke riƙe shi, lissafi ya watse. Walda da noti kuwa babu wata hanyar kai-tsaye ta auna su. Ga kuma saƙonnin kuskure da ba sa faɗin komai a sarari, dole a buɗe fayil ɗin .inp, wanda FreeCAD ke miƙa wa CalculiX, a bi shi layi-layi.

Matsalar nan da ta daɗe, ta sauyawar sunayen fuskoki bayan an gyara zane, ta ragu sosai a sigar 1.0. Duk da haka, bayan kowane gyara a sake duba fuskar da aka kafe da wadda aka ɗora wa nauyi, a kuma sake yanka raga, domin tsohuwar ba ta bin sabon zanen da kanta.