Sharhi kan ma'aunin haske Sekonic L-308X: abin da ya yi mini a hoton fuska a Damagaram

Duk mai ɗaukar hoto a garin nan ya san wannan matsala: baƙin mutum, farar shadda, rana tsaka. Ka saita kamara ka danna, riga ta fito tas har ana ƙirga zaren aikin wuya, fuska kuwa ta nutse, sai fararen ido da haƙora. Ka ƙara haske don fuskar ta fito, sai riga ta ƙone, babu aiki babu ninki, farin fili kawai. Saboda wannan na sayi ma'aunin haske na hannu, Sekonic L-308X, na kuma yi aiki da shi tun cikin hunturu, ya ratsa bazara da ni har ruwa ya sauka. Hukuncina a taƙaice: na'ura ce mai gaskiya, amma ba kowane mai koyo ya kamata ya fara kashe kuɗinsa a kanta ba.

Sai an san inda kamara take kuskure kafin a gane amfaninsa. Ma'aunin da ke cikin kamara ba ya auna hasken da ke sauka kan mutum, wanda ya dawo daga jikinsa yake aunawa. An kuma gina shi a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an haɗa an cakuɗa, zai tashi launin toka matsakaici, mai maido da kusan kashi 18 cikin 100 na haske. To Alhaji ya sha babbar riga fara sol, ta cika rabin hoton. Kamara ta ga fari ya yi yawa, sai ta rage haske don ta maida rigar toka-toka, fuska ta tafi tare da ita. In kuma Hajiya ce cikin baƙar abaya a bakin zaure mai duhu, sai ta yi akasin haka, ta buɗe har fuskar ta kwaile. Kamarar ba ta lalace ba, iya saninta ke nan.

Shi wannan ma'auni yana da ɗan farin ƙoƙo a samansa. Kana zuwa har gaban mutum, ka riƙe shi ƙarƙashin haɓarsa, ƙoƙon na kallon inda kamara za ta tsaya, ka danna maɓallin gefe. Abin da zai ba ka shi ne yawan hasken da ke faɗowa a wurin, babu ruwansa da launin riga ko na fata. Ka kwashe lambobin ka zuba wa kamara da hannu, fari ya fito fari, baƙi ya fito baƙi.

Jikinsa ba wani abin kallo. Roba ce mara nauyi, kusan giram 80, yana shiga aljihun gaban riga. Kamfanin na Japan ne. Pil ɗaya yake ci, AA, irin wanda ko wane mai tebur a Zango yake da shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san ranar da za a ɗauke kuran ana gobe biki, batirin kamara ma da ƙyar ya cika. Allonsa na kunna wuta da kansa in wuri ya yi duhu. Yana da ɓangaren hoto da ɓangarori biyu na bidiyo, waɗanda ban cika taɓawa ba. Kana iya ba shi saurin ƙyaftawa ya faɗa maka buɗin idon kamara, ko ka ba shi buɗin ya faɗa maka saurin, kuma yana nuna bambanci har na kashi ɗaya cikin goma na mataki, wato awon da masu hoto ke ƙirga haske da shi.

Inda na fi jin daɗinsa da rana shi ne cikin Birni. Lungunan nan masu katangar ƙasa da zane a fuskar gida suna da kyau a hoto, amma haskensu ba ya zama wuri ɗaya. A fili, rana ƙwal, ISO (wato ƙarfin jin hasken kamara) 100, sauri 1/125 na daƙiƙa, ma'auni zai ba ka buɗin ido kusan f/16, wato tsohuwar ƙa'idar nan ta 16 da masu fim suka haddace. Ka matsa inuwar katanga, ya faɗo wajen f/5.6, wato sai an ƙara buɗe idon kamara. Mataki uku ke nan, kuma kowane mataki rabin haske ne, ashe hasken ya ragu sau 8 tsakanin inda kake tsaye da inda ka matsa. Ka shiga cikin zaure kaɗan, ya sake faɗuwa. Ido ba ya jin wannan, domin yana daidaita kansa kafin ka ankara. Kamara kuwa ba ta iya riƙe duka biyun a hoto ɗaya. Da na fara ganin lambobin da idona, sai na daina jayayya da rana: in tsayar da mutum taki ɗaya cikin bakin zaure, fuskarsa na kallon waje, hasken ƙofa ya lulluɓe ta, duhun ciki ya zama bango. Mafi yawan hotunan da mutane suka yaba mini a bana a irin wannan wurin aka ɗauke su.

Hunturu ma na da nasa. Ranar da hazo ya sauka sosai, rana takan zama kamar an rufa mata farin mayafi, inuwar hula da ta rawani su yi laushi, ramin ido ya daina yin baƙi. Masu koyo da yawa na ajiye kamara a irin ranar don sararin sama ya yi fari fat. Ni a wurina ranar hoton fuska ce. Sai dai hasken yana raguwa fiye da yadda ido ke zato, kuma ma'aunin ne ya nuna mini haka.

Akwai wani amfanin da ba a rubuta a kwalinsa ba. Maigidan da na koyi sana'a a hannunsa tun zamanin fim yake aiki, lokacin da mutum ke da hoto 36 a naɗi ɗaya, ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanko. Da ya ga ma'aunin a wuyana sai ya ce: “Kai yaro, kafin ka danna wannan abin, fara faɗa mini nawa kake zato.” Na ce: “Maigida, ai shi aka saya don ya faɗa.” Ya ce in dai haka ne har abada na'urar ce za ta riƙa gani, ni ina riƙe mata igiya. Daga nan na ɗauki al'adar yin hasashe tukuna sannan in auna. Yanzu a hasken rana da wuya in kauce da fiye da rabin mataki, wani lokaci ma ma'aunin na kwana cikin jaka.

Amma inda ya biya kuɗinsa da gaske shi ne filasha. Ma'aunin cikin kamara ba ya iya auna filashar da ka saita da hannu, domin hasken bai wanzu ba sai lokacin da ya tashi. Abin da akasari ake yi shi ne a ɗauka, a duba allo, a rage, a sake, amarya na zaune cikin zafi kwalliya na narkewa, ƙawaye na tsaki. Da L-308X kana sa shi a yanayin jira, ya saurari filasha har daƙiƙa 90, ka tashe ta sau ɗaya, ya ba ka lamba. Yana kuma da ramin igiya ga mai son haɗa shi kai tsaye. In fitila biyu gare ka, ka auna kowace ita kaɗai: babbar f/8, mai cike inuwa f/5.6, ka san akwai mataki ɗaya tsakaninsu, gobe ma in ka so ka maimaita wannan hasken a wani gida za ka iya.

Hoton jeri ya fi komai nuna wannan. Haske na raguwa da nisa ba yadda mutum ke tsammani ba: in ka ninka nisa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa. Wadda ke mita 1 daga fitila da wadda ke mita 2, mataki biyu ne tsakaninsu. Shi ya sa a hotunan biki ake ganin ƙawar da ke gefe ɗaya ta yi fari fes, ta ɗaya gefen kuma ta ɓace. Ka auna bakin jerin nan da bakin can, ka ja fitilar baya har lambobin su kusanci juna, ka ƙara mata ƙarfi, shi ke nan.

Sai maganar fata, wadda ita ce ta fi damuna a sana'ar nan. Tun a shekarun 1950 katin da Kodak ke raba wa masu wankin hoto don daidaita launi hoton farar mace ne a jiki, aka daɗe ana gyara injuna a kan fatar da ba tamu ba. Zamani ya sauya, kamarorin yanzu na iya riƙe baƙar fata da kyau, amma wani abu ya maye gurbin wancan: mu da kanmu muke tura haske har fuska ta rasa launinta. Sau da yawa mace za ta ce mini: “Malam, don Allah a ɗan haska ni.” Ina gane abin da take nufi, domin ta sha ganin hotunanta sun fito da duhun da ba nata ba. Sai dai fito da fuska daban, wanke ta daban. Ma'aunin yana ba ni wurin tsayawa. Ga mai duhun fata sosai, musamman a inuwa, nakan ƙara kashi ɗaya cikin uku ko rabin mataki a kan abin da ya faɗa, don kumatu da gefen wuya su riƙe siffarsu, in tsaya nan. Mafi yawansu in suka ga hoton ba sa sake tada zancen. Wasu kuma suna sakewa, su tafi inda za a yi musu yadda suke so, ban hana ba.

Abin da ma'aunin ba zai gaya maka ba shi ne ko hasken na da kyau. Baƙar fata da sheƙi take nuna siffarta, wato da yadda goshi da karan hanci da kumatu ke maido da hasken. Ƙaramar filasha tsirara tana barin ɗigon fari mai kaifi a goshi, babbar lema ko hasken ƙofa kuwa na shimfiɗa sheƙin a hankali. Duka biyun ma'aunin zai iya ce maka f/8. Haka in rana na tsakar ka, hula ta jefa inuwa a ido: lamba daidai, hoto mummuna.

Akwai kuma wuraren da bai isa ba. A hawan sallah a ƙofar fada, ba ka da hanyar zuwa ƙarƙashin haɓar mahayi, balle ta Mai Martaba, dogarai ma ba za su bari ka yi rabin hanya ba. Dabarar ita ce ka auna a inda kake tsaye, in dai rana ɗaya ce ke dukanku, ka kulle saitin. Wannan na aiki har sai fuska ta shiga ƙarƙashin laima ko inuwar rawani. Ana iya zame ƙoƙon gefe a auna hasken da ke dawowa daga nesa, amma faɗin ganinsa digiri 40 ne, yana haɗa doki da jama'a da sama gaba ɗaya. Mai tsinko fuska ɗaya daga nesa wani samfuri ne, kuɗinsa kuma ya ninka. Ba ya ɗauke da na'urar tada filasha ta iska, don haka hannu ɗaya ma'auni, ɗaya abin dannawa. Ba ya kuma auna filasha mai bin saurin da ya wuce iyakar kamara, irin wadda ake amfani da ita don a danne rana a buɗe ido sosai. A filasha iyakarsa 1/500. Ba a yi shi da kariyar ruwa da ƙura ba, a garin da ƙura ke shiga har cikin kwanon da aka rufe, saboda haka a jakarsa yake kwana, kuma ina goge ƙoƙon, domin in ya yi ja lambar ma za ta karkace.

Kuɗi fa? Sabo ya haura jika 100 na sefa, ni ma ta hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano na samu. Ga yaron da ke haɗa kuɗin hoton katin ɗan ƙasa da na suna, wannan dukiya ce. In da rana kawai kake aiki, ba ka da filasha, kada ka fara da shi. Sayi faifan maida haske mai fari da azurfa, ka nemi gilashin kamara, wato lens, 50mm f/1.8 ko wanda aka yi amfani da shi ne, ka koyi karanta jadawalin hasken da ke cikin kamararka, ka kunna alamar da ke ƙyafta inda fari ya ƙone, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da ya fi karɓar gyara. Kada ka yarda da hasken allon kamara: a rana yana nuna hoto da duhu, da dare yana nuna shi da haske. Tafin hannunka ma ma'auni ne, ya fi tokar nan matsakaiciya haske da kusan mataki ɗaya, ka sa shi cikin hasken da ke kan mutumin, ka auna, ka ƙara mataki. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin hotonsa a 1948, da hasken rana ya yi mafi yawan aikinsa a tsakar gida, kuma har yau ana rataye hotunan a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Wanda ya fara karɓar aikin biki, ko ya kafa ɗan situdiyo da fitila biyu, shi ne ma'aunin zai yi wa rana. Hotunan taro ɗaya za su fito da fata iri ɗaya daga farko har ƙarshe, zaman gyara a kwamfuta ya ragu, kuma in ka jera su a Facebook ko WhatsApp mai neman mai hoto yana ganin hannu ɗaya ne, ko da bai san dalili ba.

In wanda aka yi amfani da shi za ka saya, buɗe gidan pil ka duba ko ya taɓa zubar da ruwa ya ci ƙarfen. Sannan ka fita da shi fili da hantsi ranar da sama take garau, ISO 100, sauri 1/125, ƙoƙon na kallon rana: ya kamata ya ba ka kusa da f/16. Ka tada masa filasha ƴan lokuta daga wuri ɗaya da ƙarfi ɗaya, ka ga ko lambar na zama. In tana tsalle, ka bar wa mai shi kayansa.