Pride & Prejudice na 2005: an yi wa wasiƙar Darcy ƙwange

Duk wanda zai je wurin masu turi a babbar kasuwar Maradi ya ce a saka masa wannan fim a katin waya, ya fara tambayar tsawonsa. Iri biyu ke yawo: na Ingila ya ƙare da Mista Bennet, mahaifin jarumar labarin Elizabeth, a ɗakin karatunsa, na Amurka kuma an ƙara masa 'yan mintoci na soyayya a Pemberley, katafaren gidan attajiri Darcy. Ku ɗauki na Ingila, ƙarin nan ba ya cikin littafin Jane Austen na 1813.

Da farko fim ɗin ya burge ni ƙwarai. Darakta Joe Wright bai yi wa gidan su Bennet kwalliya ba: ga kaji, ga taɓo a bakin riga, ka ga gidan da 'yan mata biyar ke jiran miji saboda gado zai tsallake su ya faɗa hannun Mista Collins, wani ɗan'uwan mahaifinsu. Keira Knightley, wadda ta fito a Elizabeth, ta iya tsiwa, Judi Dench kuwa kamar don ita aka rubuta Lady Catherine, 'yar'uwar mahaifiyar Darcy.

Amma wasiƙar nan! Wato wadda Darcy ya rubuta wa Elizabeth bayan ta ƙi aurensa, yana kare kansa daga zargin da wani soja mai suna Wickham ya yi masa. A littafi babi na 35 kusan gaba ɗaya nata ne, sannan a babi na 36 Elizabeth ta karanta ta sake karantawa, tana auna maganar Wickham da ta Darcy, har ta gane ita ce ta yi saurin hukunci. Nan ne ginshiƙin labarin. A fim sai aka taƙaita ta da murya a bayan hoto, aka ambaci Georgiana ƙanwar Darcy mai shekara 15 da fam 30,000 nata da Wickham ya yi kwaɗayi a gurguje, aka wuce. Shi ma Wickham sau nawa ya fito? Ba a ba shi lokacin da zai yaudari mai kallo ba, to da asirinsa ya tonu ba ka jin zafin komai. Wanda bai karanta littafin ba zai ɗauka ganin Pemberley ne ya juya zuciyar yarinyar, wato dukiya ta bi.

Neman auren farko ma an fitar da shi cikin ruwan sama, alhali a cikin ɗaki aka yi shi a littafi, a gidan Mista Collins da ke Hunsford. Wannan na yafe, don Matthew Macfadyen, wanda ya fito a Darcy, ya yi rawar muryar da ta dace.

Babi 61 ba ya shiga awa biyu, na yarda. Sai dai an samu lokacin nuna alade yana ratsa gida. Mai wadatar data ya nemi na BBC na 1995, kashi shida ne, can an bar wa wasiƙar wurinta.