Thundercat, Mach Z ko SRX: Wanne Tsohon Babur ɗin Ƙanƙara Ya Cancanci Kuɗinka?

A nan arewacin jihar Minnesota ta Amurka, da zarar tafki ya daskare, musun da ba ya ƙarewa shi ne na tsofaffin baburan ƙanƙara (snowmobile, waɗanda ke sulɓi a kan ƙanƙara ba da taya ba) masu silinda uku. Dole a yi musu, tunda babur ɗin kamfanin Polaris a garin Roseau ake ƙera shi, kamfanin Arctic Cat kuwa a Thief River Falls ya tashi, duk a jihar nan, kuma Edgar Hetteen da ya kafa Arctic Cat daga Polaris ya fito. Gaba ce ta 'yan gida ɗaya. Na hau ukun da ke cikin taken nan a hannun abokai da maƙwabta, ga kuma yadda na gan su.

Thundercat na Arctic Cat ya fito a 1993 da inji mai cc 900, a 1998 aka kai shi 1000, injin kuwa na Suzuki ne. In dai miƙaƙƙiyar hanya ce a kan tafki, ba a ja da shi. Ka danna maƙunshin mai da babban yatsa, salansa uku su ɗau kururuwa, kafin ka ankara ka wuce kilomita 160 a awa. Amma shiga daji da shi ka ga aiki. Kansa nauyi ne da shi, kowace kwana sai ka sa kafaɗa, ga shan mai kamar an huda tanki. Da yamma hannuwanka za su ba ka labari.

Mach Z na Ski-Doo, ɗan Valcourt ta Kanada mai injin Rotax na Ostiriya, shi ma a 1993 ya shigo. Na cc 800 ɗin nan ya fi Thundercat ladabi wajen tashi, sautinsa ma ya fi yi mini daɗi. Sai dai shi ma mai son fili ne.

Wanda na fi so shi ne Yamaha SRX 700, wanda aka yi daga 1998 zuwa 2002. A takarda shi ne ƙarami, amma injinsa na da bawul ɗin hayaƙi da lantarki ke buɗewa da rufewa, shi ya sa ƙarfinsa ke zuwa a jere tun daga ƙasa, ba sai ya yi zafi ya fizge ka ba. Gajere ne, yana manne da ƙasa, a kwana ba ya ɗaga ƙafa. Kuɗin da za ka biya shi ne bayanka: shokozobansa ba su da tsawon tafiya, in hanya ta yi gargada duk wani rami a ƙugunka zai sauka. Wannan kam ciwon su duka ne, don a wancan zamanin zaman mahayi can baya yake, ƙafafu a miƙe. Sai a 2003 Ski-Doo ya fito da sabon samfurin REV ya matso da mahayi gaba, daga nan kasuwar waɗannan manyan ta fara mutuwa.

Polaris XCR 800 ban daɗe a kansa ba, mutanen Roseau dai ba sa yarda a taɓa shi.

In za ka saya, ka tuna duk injin tu-sitirok ne, mai ƙona fetur tare da baƙin mai, kuma kabireta uku gare shi. In ɗaya ta toshe, silindarta ta rasa isasshen mai, fistin ya ƙone. Don haka kada fenti ya ruɗe ka. Ka sa makanike ya auna matsin kowace silinda, ka ciro fulogi ka duba launinsa, ka ɗaga bayan ka ga ko robar da yake tafiya a kanta ta tsattsage. Ka kuma nemi a tayar maka da shi a sanyi, ba wanda aka riga aka ɗumama kafin ka iso ba.

Abu ɗaya ke ɗan ja ni baya game da SRX: Yamaha ya daina ƙera baburan ƙanƙara bayan samfurin 2025, kayan gyara kuma sai ƙara wuya za su yi. Duk da haka, in kuɗina ne, SRX zan ɗauka, in haɗa da wani mataccen irinsa in ajiye a gareji don ciro kaya.